Ɗan Wasan Da Ba Ya Gajiya: Abin Tafi Ne Ko Abin Tsoro?

Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ya san yadda ranar gasar wasanni take. Tun da sassafe an share fili, an ja layuka da toka, an kafa rumfa domin manyan baƙi, kowane gida ya fito da tutarsa, ganga kuwa sai tashi take yi. A irin wannan rana ce, muna aji biyar, wani abokin karatunmu ya shiga gudun mita 800 da hantsi ya zo na ɗaya, ya shiga na mita 1,500 bayan azahar ya zo na ɗaya, da la'asar kuma aka sa shi cikin gudun miƙa sanda ya sake cinyewa. Muka ɗauke shi bisa kafaɗa muna kewaya fili da shi, muna yi masa kirari, muna cewa ga ingarma, ga namijin da bai san gajiya ba. Ba mu kai gaban rumfar baƙi ba sai muka ji jikinsa ya sandare a hannunmu. Muka sauke shi ƙasa, ya kama jijjiga, kumfa na fita ta bakinsa, idanu sun kakkafe. Waɗansu suka ce iska ce ta buge shi, waɗansu suka ce 'yan wani gida ne suka yi masa jifa. Sai da aka kai shi asibiti, aka laluba aljihun gajeren wandonsa, sa'an nan aka sami katin tiramol, saura ƙwaya biyu a ciki.

Da yake yana da sauran shan ruwa a duniya, ya tashi. Amma abin da ya sa muka tono wannan labari a yau shi ne, a cikinmu babu wanda zai iya rantsewa cewa bai ga alama ba. Mun ga ya bar cin tuwon dare alhali horo na ƙaruwa. Mun ji motsinsa da tsakar dare sa'ad da kowa ke barci. Mun ga yadda yaro mai fara'a ya koma mai saurin hannu, abu kaɗan sai ya shaƙe wuyan ƙaramin ɗalibi. Duk mun gani muka kau da kai, domin yana ciyo wa gidanmu kofi. To, ya 'yan'uwa ɗalibai, ra'ayinmu a wannan maƙala ɗaya ne. Alamun shan ƙwayar ƙara ƙarfi a fili suke, abokan ɗaki da abokan wasa su ke fara ganinsu tun kafin malami ko likita, kuma babba daga cikinsu ita ce abin nan da muke yi wa tafi, watau rashin gajiya.

Daga gona ta shigo fili

In aka ambaci shan ƙwaya domin cin gasa, hankalin mai karatu yakan tafi Turai da Amurka, inda ake da likitocin ɓoye da allurai masu tsada. Tamu kuwa daga gona ta fito, ta biyo yaro har filin makaranta.

Ƙasar Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume da Malumfashi ƙasar noma ce tun kaka da kakanni. Ga dawa, ga masara, ga auduga, ga waken suya, ga kuma rake da tumatir a fadamu. Cikin 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, takin zamani da sabon irin masara suka yaɗu, gonaki suka faɗaɗa, bukatar 'yan ƙwadago ta ƙaru. Sannu a hankali gayya ta ja baya, jinga ta maye gurbinta. Shi kuwa aikin jinga, gwargwadon abin da ka nome gwargwadon abin da za ka karɓa, ga shi damina ba ta jiran kowa. Mai gona yana so a gama yau kafin ciyawa ta ci ƙarfin shuka, ɗan ƙwadago yana so ya haɗa gona biyu a yini ɗaya. Ta nan ƙwaya ta sami ƙofa. Iyayenmu sukan ba mu labarin 'yan ƙananan ƙwayoyin hana barci da gajiya, dangin amfetamin, waɗanda 'yan ƙwadago da direbobin manyan motoci suke haɗiya a shekarun 1970 da 1980. Yau tiramol ce ta gaje su, da ita da gadagi da lemon ƙara kuzari na gwangwani.

Shi ɗalibin da ke gudu a fili ranar gasa, shi ne dai yaron da ke riƙe da hauya lokacin dogon hutu, wanda yake faɗowa a tsakiyar damina. A can ya ga manyansa suna jefa ƙwaya cikin shayi kafin su shiga gona. A can aka miƙa masa rabi ranar da bayansa ya ƙage, ya ji ciwon ya ɓace, ya nome abin da bai taɓa nomewa ba. Da ya komo makaranta aka ce gasa ta matso, ko kuwa aka sa kofi da rago a wasan ƙwallo tsakanin unguwanni, me zai hana shi tunawa da abin da ya agaje shi a gona? Daɗin daɗawa, mu Hausawa mun daɗe da yarda cewa ƙarfi abu ne da ake sha ko a ɗaura. Ɗan dambe yana da layunsa, ɗan kokawa yana da gurunsa, ɗan tauri yana da saiwoyinsa. Yaron da ya tashi yana ganin haka ba ya ɗaukar ƙwaya a matsayin maguɗi. A wurinsa magani ne kawai ya sake kama, ya shiga kati.

Kada a zaci abin na 'yan tsiraru ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Janairu na 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda. Daga cikinsu miliyan 4.6 magungunan kashe ciwo suka sha, irin su tiramol, ba da izinin likita ba. A shiyyar Arewa maso Yamma, inda Jihar Katsina take, kimanin mutum miliyan 3 ne, watau 12 cikin ɗari. Filin wasan makaranta ba shi da katangar da za ta tare wannan ambaliya.

Bulala ce, ba harawa ba

Ita tramadol, wadda muke kira tiramol, magani ne na gaskiya. A Jamus aka ƙago ta, ta shiga kasuwa cikin 1977, domin masu fama da ciwo mai tsanani, kamar wanda aka yi wa tiyata ko wanda ya karye. Hukumar NAFDAC ta yarda ne da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kaɗai, kuma likitoci ba su ba babban mutum fiye da miligiram 400 a yini. Amma wadda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa sai ka ga an rubuta 200, ko 225, ko 250. Ashe ke nan yaron da ya haɗiye guda biyu masu 225 a lokaci ɗaya ya riga ya wuce abin da aka ƙayyade wa majinyaci tun daga safe har dare.

Aikinta a jiki iri biyu ne. Tana toshe saƙon ciwo kada ya kai ƙwaƙwalwa, tana kuma ta da waɗansu sinadarai na ƙwaƙwalwa masu sa mutum ya ji nishaɗi da kuzari. Ba ta ƙara wa tsoka komai, ba ta ƙara jini, ba ta mayar da ruwan da aka zubar ta hanyar gumi. Alhali kuwa gajiya da ciwo 'yan aike ne, jiki ne ke turo su su ce a dakata haka nan, a sha ruwa, a huta. Wanda ya sha ƙwaya ya kori ɗan aike ne kurum, saƙon yana nan. Kowane ɗan manomi ya san bambancin harawa da bulala. In san noma ya gaji ka ba shi harawa da ruwa ka bar shi ya kwanta, gobe zai ja garma. In kuwa ka hau shi da bulala, lalle zai ƙara maka 'yan layuka a yau, amma wata rana a tsakiyar gona zai durƙushe. Ƙarfin ƙwaya kamar bashin da ake ci da damina ne, da kaka ninki za a biya.

Biyan kuwa yakan zo ta hanyoyin da aka sani. In tiramol ta yi yawa a jini tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko da mutum bai taɓa yin ta ba. In aka haɗa ta da kodin, ko ƙwayar sa barci, ko giya, numfashi yakan yi ƙasa har ya tsaya. In aka daɗe ana sha jiki yakan saba, guda ɗaya ta daina aiki sai biyu, biyu su koma huɗu. Su kuwa ƙwayoyin hana barci, zuciya suke kora da gudu, su ɗaga zafin jiki. Ranar 13 ga Yuli, 1967, wani shahararren ɗan tseren keke na Ingila, Tom Simpson, ya faɗi matacce a kan wani dutse a ƙasar Faransa cikin tsananin zafin rana, yana ɗan shekara 29, aka sami amfetamin a jikinsa da aljihun rigarsa. In zafin Faransa ya yi haka, ina ga ranar bazara ta Malumfashi?

Alamun da ya kamata mu lura da su

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ga abubuwan da muke ganin ya wajaba abokin ɗaki, da kyaftin, da malamin wasanni su sa wa ido.

Ta farko ita ce ƙwazon da ya zo farat ɗaya ba tare da dalili ba. Horo yakan nuna amfaninsa ne sannu-sannu, cikin makonni da watanni. Amma in yaron da jiya yake haki bayan rabin lokaci ya wayi gari yana gama minti casa'in kamar bai yi komai ba, ko kuwa wanda ya gurɗe ƙafa da safe ya shiga fili da yamma ko ɗingishi babu, to, ruwa ba ya tsami banza. Sai a duba shi kuma washegari. Mai gajiya ta gaskiya yakan yi barci ya tashi garau, shi kuwa mai ƙwaya yakan wuni a kwance, jiki a mace, ba ya son a yi masa magana.

Ta biyu ita ce ci da barci. Ɗan wasa mai lafiya ba ya wasa da kwano, kowa ya san su ke fara layin abinci. In ka ga horo na ƙaruwa amma ci na raguwa, yana ramewa, kumatu na faɗawa, da dare ba ya barci, a aji kuwa sai gyangyaɗi, akwai abin tambaya.

Ta uku tana a jiki. Gumi mai yawa ko da ana sanyi, bushewar baki, yawan sosa hanci da fuska da hannuwa, tashin zuciya ko amai gab da shiga fili, taurin bayan gida, rawar hannu, jan ido, ƙwayar ido ta ƙanƙance ko ta buɗe fiye da yadda aka saba. Mafi girma a cikinsu ita ce jijjiga ga wanda ba a san shi da farfaɗiya ba. Saurayi mai jini a jika da ya faɗi yana jijjiga a fili ko a gona, kafin a ce iska ce, a laluba aljihunsa.

Ta huɗu ita ce sauyin hali. Mai haƙuri ya koma mafaɗaci, yau ya zagi alƙalin wasa, gobe ya taka ɗan'uwansa da gangan. Wani lokaci surutu ba kan gado, wani lokaci shiru kamar an yi masa mutuwa. Karatu yakan bi baya, a fara fashin lacca, sakamakon jarrabawa ya zube.

Ta biyar ita ce ɓoye-ɓoye da matsalar kuɗi. Ana shirin shiga fili sai ya ɓace na 'yan mintoci. Yana da kwalbar lemo ko gorar shayi wadda ba ya yarda kowa ya kurɓa, alhali da ba marowaci ba ne. Akan tsinci ɓawon katin magani ƙarƙashin katifa ko cikin takalmi. Bashi ya yi masa yawa, har takalmin ƙwallonsa ya sayar, ya kuma yi sababbin abokai a tasha waɗanda ba ya so a san su.

Ta shida ita ce ranar da babu. In kuɗi suka yanke ko aka hana fita, kafin kwana ɗaya ya cika za a ga hamma ba iyaka, hanci na zuba, idanu na hawaye, gaɓoɓi na ciwo, ciki na murɗawa, ga rashin sukuni, ya kasa zama ya kasa kwanciya. Sau da yawa akan ce zazzaɓin cizon sauro ne. Amma zazzaɓin da ke warkewa cikin awa ɗaya bayan mutum ya leƙa bakin kasuwa, ba sauro ne ya kawo shi ba.

Mu da muka zo jami'a mun tarar da wani nau'i kuma, musamman a wuraren ɗaga ƙarfe na Zariya da Katsina da Kano, watau ƙwayoyi da allurai masu kwaikwayon sinadarin mazantaka domin kumbura tsoka. Alamunsu su ne ƙirji da damatsa su cika cikin 'yan makonni, manyan ƙuraje su feso a baya da kafaɗu, nono ya tsiro wa namiji, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, fushi ya yi yawa, wani lokaci ido ya yi rawaya domin hanta ta taɓu, ga kuma tabon allura a cinya ko ɗuwawu. Ga mace kuwa murya takan yi kauri, gashi ya fito a haɓa, al'ada ta rikice ko ta ɗauke. Yaron da bai gama girma ba in ya sha su, tsawonsa na iya tsayawa ke nan har abada. Akwai kuma masu shan abin da ake kira sha-ka-fashe domin su yi jiki. Wannan fuska take kumburawa ta yi zagaye, teɓa ta fito, amma ƙafafu su sirance, ƙashi ya yi rauni. Garin neman ƙiba an samo rama.

Alama ta ƙarshe ba a jikin yaro take ba, a hannun babba take. Duk wani mai horaswa, ko shugaban kulob, ko babban ɗalibi da ke raba ƙwaya marar suna kafin wasa yana cewa bitamin ne, ko ya haɗa wani shayi na musamman domin 'yan wasa kaɗai, a yi hattara da shi. A Jamus ta Gabas, cikin shekarun 1970 da 1980, hukuma da kanta ta riƙa ba 'yan mata ƙanana ƙwayoyin kumbura tsoka da sunan bitamin. Sun ciyo lambobin zinariya, amma da yawansu sun ƙare rayuwa cikin jinya.

Sai dai a nan tilas mu ja kunnen kanmu. Alama ba hukunci ba ce. Ƙuraje na zuwa da balaga, rama na iya zama taifot ko yunwa, jijjiga na iya zama farfaɗiya ta ainihi, kuma akwai yaran da Allah ya hore wa gudu, suka haɗa da horo, ba su taɓa haɗiyar komai ba. Abin dubawa shi ne alamu uku ko huɗu su haɗu a kan mutum ɗaya, kuma su zo cikin ɗan lokaci kaɗan. Wanda ya mai da wannan magana makamin gulma ko hassada ga wanda ya fi shi gudu, ya yi wa maƙalarmu mummunar fahimta.

Masu cewa ba komai

Mun san akwai masu cewa, to, wa zai kama? A nan ba a gwajin fitsari. Gaskiya ne, babu mai gwada kowa a gasar gidaje ko kofin unguwa, kuma Nijeriya ba ta da ɗakin gwajin da hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni, watau WADA, ta amince da shi, sai an ɗauki samfur an kai waje. Amma ai wannan shi ne hujjarmu. Inda babu na'ura, idon aboki shi ne ɗakin gwaji. Bayan haka kuma, hanyar da ta tashi daga filin makaranta tana bi ta gasar jami'o'i ta NUGA, wadda aka fara a Ibadan cikin 1966, da bikin wasanni na ƙasa da aka fara a Legas cikin 1973, ta ɓulle har inda ake gwajin. Tun 1 ga Janairu, 2024, WADA ta sa tiramol cikin abubuwan da aka haramta lokacin gasa. Hukumar tseren keke ta duniya ma ta riga ta tun 2019, kuma saboda tiramol ne aka soke matsayi na shida da Nairo Quintana na Kolombiya ya samu a babban tseren Faransa na 2022. Doka kuwa a can ita ce, duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, ko wa ya ba ka.

'Yan ƙasarmu sun ɗanɗana. Chika Amalaha tana 'yar shekara 16 ta ci zinariya a ɗaga nauyi a wasannin ƙasashen renon Ingila da aka yi a Glasgow cikin 2014, aka sami magungunan sa fitsari da aka haramta a jikinta, aka karɓe lambar. Shekara 16, jama'a, sa'ar ƙannenmu na aji huɗu da biyar. Blessing Okagbare, wadda ta daɗe tana ɗaga sunan Nijeriya, an dakatar da ita ana tsakiyar wasannin Olamfik na Tokyo cikin 2021, daga baya aka hana ta wasa har shekara 11. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai kuma masu cewa talauci ne, yaro ba ya samun abinci mai gina jiki, wasa kuwa shi ne ƙofar da yake hange. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma laifin take ƙara wa manya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya sa yaro ɗaya cikin tsere uku a yini ɗaya a kan koko da ƙosai biyu? Wa ke son kofi a ofis amma ba ya son sayen ƙwai da madara? Wa ke shirya wasa da ƙarfe biyu na rana cikin watan Afrilu, ko randar ruwa babu a bakin fili? Mu kanmu 'yan kallo da ke zagin wanda ya nemi a canja shi domin ya gaji, muna kiransa rago, muna da namu kason.

Waɗansu kuma sun ce aikin hukuma ne, ga NDLEA nan tun 1989. Lalle hukuma tana da nata aikin, amma mun ga iyakar hani. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, a shekarar kuma Indiya ta tsaurara dokar fitar da tiramol. Ba a daɗe ba sai waɗansu ƙwayoyi suka ɓullo, haɗin tapentadol da wani maganin sassauta tsoka, har sai da binciken BBC ya tona asirinsu a watan Fabrairu na 2025, Indiya ta haramta haɗin. Muddin akwai mai saye, in aka toshe wannan rami wani za a haƙa.

Abin da ya rage gare mu

Tun ice yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ka ga alamu sun haɗu ga abokinka, ka same shi ku biyu, ba cikin taro ba, ka gaya masa abin da ka gani ba tare da zagi ko gori ba. Zai yi musu, zai yi fushi, kada wannan ya sa ka janye. Ka raka shi wurin likita da ƙafarka, domin wanda jikinsa ya saba da tiramol bai kamata ya yanke ta dare ɗaya ba, likita ne zai riƙa rage masa ita sannu-sannu. Asibitocin gwamnati na Funtuwa da Malumfashi suna kusa, ga asibitin koyarwa na Shika, ga na masu taɓin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna in abin ya yi nisa. In ya ƙi ji, ka sanar da babban da ka amince da hankalinsa. Wannan ba cin amana ba ne. Cin amana shi ne irin shirun da muka yi.

In kuwa mutum ya faɗi yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a tallafe kansa, a kwantar da shi ta gefe ɗaya. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja ko madara, domin za su iya shiga huhu. A gaggauta kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga Ƙungiyar Ɗalibai muna da roƙo huɗu. A kira likita ko mai haɗa magunguna ya yi wa 'yan wasa bayani kafin kowace gasa. A ƙayyade yawan tseren da mutum ɗaya zai shiga a yini, a kuma sa ruwa da abinci cikin kasafin wasanni kafin a sa kuɗin rumfa da na kofi. A kafa doka cewa babu maganin da za a ba ɗan wasa sai ta hannun asibitin makaranta, a rubuce. Sa'an nan a roƙi hukumar jami'a cewa ɗalibin da ya kawo kansa neman taimako a yi masa magani a rufa masa asiri, a bar kora ga masu sayarwa. Muddin kora ce sakamakon faɗin gaskiya, babu wanda zai faɗa. Su kuma ƙungiyoyinmu na ɗalibai 'yan asalin Funtuwa da Malumfashi da kewaye, maimakon hutu ya ƙare a liyafa da jawabai, mu koma tsofaffin makarantunmu da filayen ƙwallon unguwanni mu yi wa ƙannenmu wannan bayani da harshen da suke ji.

Yayyenmu ƙananan ma'aikata, ku ma da ku muke. Malamin makaranta shi ke riƙe da usur ranar gasa. Malamin gona shi ke shiga ƙauyukan da ƙwaya ke yawo lokacin noma. Malamin asibiti shi ake fara kawo wa wanda ya faɗi. Kowannenku yana ganin abin da babban sakatare ba zai taɓa gani daga ofis ba.

Kuma kada a yanke ƙauna ga wanda ya faɗa. Chioma Ajunwa an hana ta wasa shekara huɗu cikin 1992 bayan gwaji, ko da yake ta ce ba da saninta ba ne. Ta dawo cikin 1996 ta yi dogon tsalle na mita 7.12 a Atlanta ta ciyo wa Nijeriya zinariya, daga baya kuma ta shiga yi wa matasa gargaɗi a kan wannan bala'i. Abokin namu shi bai sake gudu ba, amma ya gama makaranta, yana nan da ransa da hankalinsa, kuma mun san sa'a ce ta cece shi, ba mu ba.

Saboda haka, in gasa ta sake zagayowa, ɗan wasanmu ya fito daga fili yana haki, ya zube a ƙasa ya ce ya gaji, mu miƙa masa ruwa mu yi masa barka, domin jikinsa na gaya masa gaskiya. Wanda kuwa ya gama tsere uku bai nemi wurin zama ba, kafin mu ɗora shi bisa kafaɗa, mu tambayi abokin ɗakinsa ko ya ci tuwo jiya, ko ya yi barci. Allah ya kiyashe mu da ƙannenmu, amin.